Wa Ke Riƙe Maka Yara Kafin Ka Dawo?

Ɗana, na san kai da maiɗakinka duk kuna fita neman halali, kuma ban ga laifinku ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ɗaya da ƙyar yake kai gida ƙarshen wata. Abin da nake so ka duba shi ne sa'o'in nan na tsakar rana. Yara suna tashi daga boko wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, Islamiyya sai bayan la'asar, ku kuwa sai gab da magariba. Alhamis da Juma'a ma yawancin Islamiyyu ba sa zama, yinin ya rage babu kowa a kansu. A hannun wa suke?

Kada ka ce ai sun yi wayo. Ɗan shekara bakwai ya iya cin abinci da kansa, amma bai iya cewa a'a ga babban da ya miƙo masa alewa ya ce ya biyo shi ba.

In Allah Ya sa kakarsu tana kusa kuma da sauran ƙarfinta, ka gode Masa, sai dai ka riƙa kai cefanen abin da za su ci, kada ka ɗora wa tsohuwa ciyar da 'ya'yanka. In maƙwabciya ce ko malamar lesin, to taka da ƙafarka ka je, a daidai lokacin da yara suke wurinta, ba tare da ka sanar ba. Dubi rijiyar tsakar gida, a rufe take? Ina aka ajiye kalanzir da tukunyar gas? Yara nawa take riƙewa ita kaɗai, kuma waɗanne samari ne ke shige da fice a gidan? Ka lura ko wasa da karatu ake yi, ko kuwa waya ake danƙa musu don su yi shiru. Haka mai adaidaita sahun da ke ɗauko su: ka san gidansa da wanda ya tsaya masa, ku yi sharaɗi ba zai turo wani a madadinsa ba sai da saninka.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: kada ka ɗauko yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya daga ƙauye ka ce ita ce mai raino. Ita ma 'yar wani ce, aji ya kamata ta kasance a ciki. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu da danginsa. Ko babu doka, ranar da ɗanka ya faɗi ya fasa kai, me za ta iya yi ban da kuka?

Sai batun kuɗi, inda kunya take ɓata mana zumunci. "Haba, ai ba komai, 'ya'yana ne," in ji maƙwabciya, kai kuma ka ji daɗi ka yi shiru. Bayan wata uku ta fara ɗaure fuska, yaranka ne za su fara gani kafin kai. Ku zauna tun farko ku yanke: nawa ne a wata, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, abincin rana na wuyan wa, in ka makara me za ka ƙara. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Dokar albashin ba ta hau kan mai aikin 'yan sa'o'i ba, amma ta ishe ka ma'auni, ka kwatanta lokacin da baiwar Allah take ba ka. Araha ba ta ado. Ranar da albashi ya shigo, fitar da nata tare da kuɗin makaranta, kada ka bari sai ta aiko yaro ya tuna maka.

Ku kuma yi maganar dogon hutu tun kafin ya zo, domin a lokacin yini guda za ta riƙe su, kuɗin rabin yini ba zai yi ba. Da daddare kuma zauna da yaran ka tambaye su me suka ci, wa ya zo gidan. In wanda ya saba tafiya da gudu ya fara ƙin zuwa yana noƙewa, kada ka daka masa tsawa. Ja shi gefe ka tambaye shi a hankali, gobe kuma ka nemi izini a wurin aiki ka je da kanka.