Ina Amana Take Tsayawa? Shari'ar Direban Motar Sanyi

A cikin sana'o'in tuƙi da wuya a sami wadda ta ɗora wa mutum nauyin amana kamar jan tirelar kayan sanyi. Wanda ya ɗauko siminti ko rodi, in mota ta lalace masa a hanya, kayansa za su jira shi kwana uku ba abin da ya same su. Wanda ya ɗauko nama ko madara ko magani kuwa, kowace sa'a da ta wuce tana iya zama asara. A Amurka, inda wannan sana'a ta kafu tun bayan da Frederick McKinley Jones ya ƙera na'urar sanyaya mota a ƙarshen shekarun 1930, na'urar da kamfanin Thermo King ya ginu a kanta, kowace irin wannan tirela tana da injinta na dabam a goshinta da tankin manta na dabam. Daskararren abinci ana riƙe shi a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos, kuma idan sanyin ya kauce daga inda aka sa shi, mai karɓar kaya yana iya ƙin lodin gaba ɗaya. Shi ya sa direban yake kwana da rurin injin a bayan kansa, yana farkawa in ya ji ya yi shiru. Yawancin waɗannan direbobi da mil ake biyansu, saboda haka dogon jiran da suke yi a ƙofar sito kafin a yi lodi ko a sauke, sau da yawa a aljihunsu yake ƙarewa. Mutumin da aka horar haka ya san darajar abin da aka damƙa masa fiye da duk wanda zai yi masa wa'azi a kai. Tambayar da nake son mu duba ita ce iyakar wannan amana: idan tsare kayan ya zo ya ci karo da tsare ran mai tsaron, wanne ne zai ja da baya?

Wannan tambaya ta taɓa zuwa gaban kotu. A wani dare na watan Janairun 2009, wani direba mai suna Alphonse Maddin, ma'aikacin kamfanin TransAm Trucking na jihar Kansas mai jigilar kayan sanyi, yana tafe a kan babbar hanyar I-88 a jihar Ilinois. Mai ya kusa ƙare masa, bai kuma ga gidan man da kamfani ya ce ya sha a can ba, sai ya gangara gefen titi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da ya zo tashi sai ya tarar birkin tirelar ya daskare saboda tsananin sanyi. Ya kira kamfani, aka ce ya jira bakanike. Hitar da ke ɗumama ɗakin kwanansa a kan motar ba ta aiki. Barci ya ɗauke shi, sai kiran wani ɗan'uwansa ne ya tashe shi bayan ƙarfe ɗaya na dare, shi kuma ɗan'uwan ya ji maganarsa tana sarƙewa. Maddin ya tarar gangar jikinsa ta yi sanyi ƙalau, ba ya ma jin ƙafafunsa. Ya sake kira, aka ce ya ƙara haƙuri. Daga baya ogansa ya ba shi zaɓi biyu: ko ya ja tirelar a haka da daskararren birki, ko ya zauna tare da ita. Bayan jiran kusan sa'a uku, sai Maddin ya kwance kan motar daga bodin ya tafi. Ba a yi minti goma sha biyar ba bakanike ya iso, Maddin ya dawo, aka gyara birki. Kafin mako ya zagayo an kore shi daga aiki, bisa laifin barin kaya a hanya.

Ra'ayina shi ne Maddin bai ci amana ba, kuma da ya zauna har sanyi ya kashe shi, da ya yi kuskure a gaban Allah. Ban faɗi haka don raina amana ba. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da ita ga masu ita, kuma hadisi ingantacce ya lissafa cin amana a cikin alamomin munafuki. Sai dai shari'ar da ta girmama amana ita ce kuma ta jera abubuwa daki-daki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙididdige abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kiyaye: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya, kuma Imam Shaɗibi ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat. Amfanin jerin yana fitowa ne ranar da biyu daga cikinsu suka yi karo, domin a ranar ne ake bukatar sanin wanda zai sauka wa wani. Dukiya tana ƙasa da rai, ko ta mutum ce ko ta wani ce aka ba shi ajiya. Malaman fiƙihu sun buga misali da abin da ya yi kama da halin direban ƙwarai: jirgin ruwa da ke shirin nutsewa. Hukuncin shi ne a zubar da kaya cikin teku don mutane su tsira, ko masu kayan sun yarda ko ba su yarda ba, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin yadda za a raba asarar tsakanin masu hajar da ke cikin jirgin. Ba su kira matuƙin da ya zubar da kayan maci amana ba. Ga kuma abin da Abu Dawud ya ruwaito game da Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, a yaƙin Zatus Salasil: wanka ya wajaba a kansa a wani dare mai tsananin sanyi, ya ji tsoron in ya yi zai halaka, sai ya yi taimama ya ja wa jama'a sallar asuba. Da aka kai magana gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Amru ya kafa hujja da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i wadda ta hana mutum kashe kansa, Annabi kuma ya yi dariya bai tsawata masa ba. Idan tsoron sanyi ya isa uzuri a babin tsarki, wanda sallah ba ta inganta sai da shi, ina ga tsaron tirela?

Mai ilmi zai ce da sauran magana, kuma yana da gaskiya. Haƙƙin Allah an gina shi a kan rangwame, haƙƙin bayi kuwa a kan tsanani, saboda haka ba a auna kayan mutane da taimama. Zai ƙara da abin da ya fi wannan ƙarfi, daga cikin mazhabar da mafi yawanmu muke bi. Ƙa'ida ita ce ɗan ƙodago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Amma Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa Imam Malik ya ware mai dakon abinci daga wannan ƙa'ida, ya ɗora masa biyan abin da ya salwanta, sai fa in an sami shaidar cewa ba da hannunsa ba ne. To ga direban motar sanyi, wanda shi ne mai dakon abinci na wannan zamani. Ashe ba shi ne wanda aka fi tsananta wa ba? Amsar tana cikin dalilin hukuncin. Malamai sun ce an tsananta ne saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kaiwa gare shi, don haka aka toshe ƙofar a ci a ce ya ɓace. Hukunci ne na tuhuma, shi ya sa yake faɗuwa da zarar shaida ta bayyana. Sannan ko da ya tsaya, magana ce ta wa zai biya, wadda ta sha bamban da maganar wa zai mutu. Wanda yunwa ta kai shi gargara an halatta masa ya ci abincin wani, sa'an nan malamai su tattauna ko zai biya daga baya. Ba a taɓa ce masa ya mutu don kada bashi ya hau kansa ba. A shari'ar Maddin ma babu abin biya, domin ya dawo ya tarar da tirelarsa.

Akwai masu cewa shi ya jawo wa kansa, tunda bai lura da mansa ba. A ƙaddara ma haka ne. Sakaci yana da hukuncinsa gwargwadonsa, gargaɗi ko yankan alawus, amma ba ya mayar da ran mutum abin banza, kuma kamfanin da laifin barin kaya ya kore shi. Ƙorafin da ya fi cancantar a saurara shi ne na masu tsoron buɗe ƙofa: in aka ce larura uzuri ce, gobe kowane direba da ya gaji zai ajiye lodi a daji ya ce ransa ya ji wa tsoro, ga ɓarayin kaya, ga hatsarin bodin da aka bari a gefen titi cikin duhu. Wannan tsoro ba na banza ba ne, shi ya sa malaman da suka ce larura tana halatta abin da aka hana suka biyo da cewa ana auna ta gwargwadonta. Sai a duba alamomin. Maddin ya jira sa'o'i kafin ya motsa, ya sanar da kamfani halin da yake ciki fiye da sau ɗaya, ya faɗa wa ogansa zai tafi, kuma ya komo da aka ce mai gyara ya zo. Ya kuma ƙi ɗaya zaɓin, wato jan tirela mai daskararren birki a kan babbar hanya, wanda da ya bi shi da ya jefa rayukan wasu cikin hatsari. Mai neman kuɓuce wa aiki ba haka yake yi ba.

Maddin ya kai ƙara ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1982 da ta hana korar direba don ya ƙi tuƙa mota saboda fargabar mummunan rauni. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta fara yin watsi da ƙorafin, daga baya alƙalin Ma'aikatar Ƙwadago da kwamitin bitarta suka ba shi gaskiya, suka ce a mayar da shi aiki a biya shi albashinsa na baya. A watan Agustan 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai mazauni a Denver ta tabbatar da haka, alƙalai biyu a kan ɗaya. Ɗayan shi ne Neil Gorsuch, wanda ya ce dokar ta kare wanda ya ƙi tuƙi ne, Maddin kuwa tuƙi ya yi, ta hanyar da kamfani bai yarje masa ba. Ya yarda ana iya tambayar ko hukuncin kamfanin na hikima ne ko na tausayi, amma a ganinsa wannan ba aikin kotu ba ne. Da ya zo gaban majalisar dattawa a watan Maris na 2017 don tantance shi a matsayin alƙalin kotun ƙoli, Sanata Al Franken na Minnesota ya tsare shi a kan wannan hukunci, yana cewa sakamakonsa ya saɓa wa hankali. Ba na raina damuwar Gorsuch. Alƙalin da ke karkatar da nassi duk inda zuciyarsa ta karkata abin tsoro ne, kuma talaka ne ya fi shan wahalarsa. Amma nassin da aka rubuta don kada a tilasta wa direba zaɓi tsakanin ransa da abincinsa, idan aka karanta shi ta yadda zai kare wanda ya zauna ya daskare ya bar wanda ya tsira, an riƙe lafazi an saki manufa. Ko da ma Gorsuch ya yi daidai a fassarar doka, abin da ya tabbatar kawai shi ne dokar tana da giɓi. Halascin kora a takarda bai wanke wanda ya yi ta ba.

A nan ne nake ganin an faro tambayar daga gurguwar fuska. Kowa yana tambayar ko direba ya riƙe amanar kamfani, ba a cika tambayar ko kamfani ya riƙe amanar direba ba. Wanda ya ɗauki mutum aiki ya tura shi tafiyar dare cikin hunturu, a motar da shi ya mallaka, a hanyar da shi ya zaɓa, har da gidan man da shi ya ayyana, ya karɓi ajiyar ran wannan mutum. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari da Muslim ya hana ɗora wa na ƙarƙashi abin da ya fi ƙarfinsu, ya ce in an ɗora to a taimaka musu. Abu Dawud kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya ji rauni a ka, abokan tafiyarsa suka ce ba shi da rangwamen barin wanka, ya yi ya mutu, Annabi ya ɗora alhakin mutuwarsa a kan waɗanda suka ba shi wannan amsa. Mai ba da umarni daga nesa yana da rabo a abin da umarninsa ya haifar. A yau kamfanonin kayan sanyi suna iya ganin ma'aunin sanyin tirela daga ofis ta na'ura, ƙararrawa ta buga in ya motsa. Sana'ar da ta kai wannan ƙwarewa wajen kula da nama ba ta da hanzarin da za ta kawo idan hitar direba ta mutu, ko idan ya ce ba ya jin ƙafafunsa aka ce masa ya ƙara jira.

Ƙanƙarar Ilinois ba ta sauka a ƙasar Hausa, amma irin wannan waya ana buga ta. Mai tumatir da ke tsoron kwandunansa su ruɓe kafin Legas, da mai daskararren kifi da ke tsoron ya narke kafin Kano, duk suna da dalilin matsa wa direba ya wuce da dare a hanyar da ake tare mutane, ko ya ci gaba bayan barci ya fara fizgarsa. Asararsu gaskiya ce, wani lokaci jarin mutum ne gaba ɗaya. Duk da haka ina roƙon masu motoci da masu kaya, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da ke sasanta irin wannan rigima a tasha: ku sa shi cikin sharaɗi tun kafin a yi lodi, cewa direban da ya tsaya ko ya bar mota saboda tsoron ransa, ya kuma sanar, ba za a kore shi ba, ba za a kuma ci shi tara ba.