Mai Riƙe da Makullin Rumbu

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya san yadda ake bi da rumbu. Da kaka ake jera dammunan dawa a ciki, sannan maigida ya riƙa fitar da awo daidai cin gida. In ya saki hannu, rumbu ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. In kuwa ya yi tafiya da makulli, sai yara su kwana da yunwa alhali ga hatsi a tsakar gida.

Irin wannan tsari Allah Ya yi a jikinmu. Ƙashi shi ne rumbun sinadarin kalsiyam, domin kashi 99 cikin 100 na wanda ke jiki a ƙasusuwa da haƙora yake. Ɗan ragowar da ke yawo cikin jini kuwa da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Masu fitar da awon wasu ƙulalai ne guda huɗu a wuya, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, likitoci na kiransu faratayirod. Suna maƙale a bayan ƙullin da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Saboda ƙanƙantarsu, sai a 1880 wani ɗalibin likita a Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin ɗan Adam. Raina kama ka ga gayya.

Da kalsiyam ya ragu a jini, sai su sa a ɗebo daga ƙashi, su hana ƙoda zubar da shi, su taimaka wa hanji ya tsotso daga abinci. Amma wani lokaci ɗayansu kan yi tsiro, ya yi ta ɗiba ba ƙaƙƙautawa. Ƙashi ya yi rauni har ya karye a ƙaramar faɗuwa, tsakuwa ta taru a ƙoda, ga ƙishirwa, yawan fitsari da kasala. Wani lokacin kuma, musamman bayan tiyatar maƙoƙo, sai su daina aiki: mutum ya ji leɓɓa da yatsu kamar tururuwa na bi, hannu ya ƙandare. Nan ne sau da yawa muke cewa sanyi ne ko iska, alhali gwajin jini a asibiti irin na koyarwa da ke Shika zai nuna gaskiyar lamarin.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu, waɗanda masu awonsu lafiya lau suke amma rumbun ne babu komai. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi samun sauƙi da aka ba su kalsiyam, fiye da waɗanda aka bai wa bitamin D kaɗai. Tuwon masara zalla ba ya gina ƙashi. Ga nono da kindirmo a rugagen da ke kewaye da mu, ga kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu.

Manomi ba ya jiran bazara kafin ya tuna da rumbu. Kakar ƙashi ita ce ƙuruciya, kuma abin da muka zuba wa yaro yau shi zai ɗiba ranar da furfura ta fito.