WA KE DA ABIN DA AKA TONO CIKIN ƘASA?

Idan manomi yana huɗa a gonarsa, garma ta tono masa wata tsohuwar tukunya, ko kuwa siffar kan mutum ta gasasshen yumɓu, shin wa ke da ita? Mutane da yawa za su ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, gama gona tasa ce, gumi nasa ne, tsintuwa kuwa ba sata ba ce. Maganar tana da kama da gaskiya. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san irin abin da aka tsinta tukuna.

Cikin shekara ta 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar da ke cikin Jihar Kaduna yanzu. Ba wanda ya san ko mene ne, sai aka ajiye shi kurum. Cikin 1943 kuma aka sami wani kan a ƙasar Jama'a. Wanda ya same shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi bisa mutum-mutumi don tsoratad da ɓarayin gona na daji, har ya shekara can rana da ruwa suna dukansa. Daga baya aka kai shi Jos, ya faɗa hannun wani Baturen mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya yi karatun binciken kufai. Da ya gwama su biyun, sai ya ga lalle aikin mutane iri ɗaya ne. Ya shiga roƙon leburorin kuza su riƙa kawo abin da suka tono maimakon su fasa, har kayan suka taru, aka buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952.

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Waɗannan kawuna na farko ruwa ne ya kwaso su daga mazauninsu ya zubar cikin tsakuwar kuza, saboda haka ba su iya faɗin kome game da masu su, sai dai a dube su a yaba gwaninta. Sai da aka tone wani wuri wai shi Taruga, kusa da Abuja, inda kayan ke kwance yadda masu su suka bar su, sa'an nan baki ya buɗe. Can aka tarad da siffofin yumɓu tare da wuraren narka tama, da kashin maƙera, da gawayi. Gawayin nan shi ne babban shaida. Kowane itace yana ɗaukar wani sinadari daga iska muddin yana da rai, in ya mutu kuwa sinadarin ya dinga raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin kowace shekara 5,730. Masana sukan auna abin da ya saura, su san lokacin da aka sare itacen. Da haka aka tabbata mutanen nan suna narka ƙarfe tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Tun daga 2005 malaman Jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da ma'aikatan tarihi na Nijeriya, suka yi ta tono a ƙasar Nok da ɗan cokalin magini da tsintsiya, suna tankaɗe ƙasa kamar mai tankaɗen gari. Suka sami ƙonannen gero da wake, watau mutanen manoma ne. Suka sami alamar kakin zuma a jikin katangar tukwane, watau suna ɗiban zuma tun wajen shekara 3,500. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi ƙwayar gero ƙonanniya? Alhali kuwa ita ta faɗa mana abin da kan yumɓu, duk da kyansa, bai iya faɗi ba.

Nan ne tsintuwar kufai ta rabu da tsintuwar kuɗi a bakin hanya. Kuɗi ko ina aka kai su kuɗi ne. Amma kayan kufai rabin darajarsu tana cikin ƙasar da ke kewaye da su: zurfin da suke, da abin da ke bisansu, da abin da ke ƙarƙashinsu. Wanda ya fizge kan ya watsar da ƙasar, kamar mutumin da ya yage bangon littafi ne ya ƙone takardun ciki, littafin kuwa ba shi da na biyu a duniya. Abin da ya sayar guda ɗaya ne, abin da ya ɓata kuwa labarin al'umma ne ɗungum, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba. Ko a al'adarmu mai tsintuwa yakan yi cigiya. Masu wannan kaya sun daɗe da zama ƙasa, sai dai sun bar magada, watau jama'ar ƙasa duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Don haka ne dokar 1953, da ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, suka hana cinikin irin waɗannan kaya da fitad da su waje ba da izini ba.

Wani zai ce ai gumaka ne, me za a yi da ajiyarsu? Ajiye abu don a san labarinsa daban, bauta masa daban. Alƙali yakan ajiye wuƙar da aka kawo shaida, ba don yana ƙaunarta ba.

Amma kada mu yi saurin zagin manomi. Cikin shekarun 1990 dillalai suka bi ƙauyukan ƙasar Nok da kuɗi a hannu, samari suka bar noma suka koma tono, har malaman da suka zo daga baya suka tarar yawancin wuraren an riga an birkice su, ramuka ko ina. Mutumin da rumbunsa ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, ga ɗa ba lafiya, ga baƙo yana miƙo masa abin da ya fi kuɗin amfanin gonarsa, ba a yi masa wa'azin tarihi da fatar baki. A ganina laifinsa shi ne ƙarami cikin jerin. Ya fi nauyi a kan dillali, ya fi nauyi kuma a kan attajirin ƙasar waje da ke saye ba ya tambayar asali. Har babban gidan tarihi na birnin Faris ya nuna siffofin Nok cikin 2000, waɗanda aka saya a hannun ɗan kasuwa. Da magana ta tashi, Faransa ta yarda cikin 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuwa ta bar mata su aro har shekara 25. Mallaka ta komo a takarda, amma ramin da aka ciro su ba mai iya nuna shi.

Hukuma ma tana da nata kason. An sha yin sata a gidajen tarihi na ƙasar nan, manomi kuwa yana da kunne. In ana so ya ga abu ya bar shi inda yake, ya mai da ƙasa ya rufe, ya je ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, to, wajibi ne a zo da wuri, kada a bar shi da jira har shuka ta wuce. A biya shi kuɗin amfanin da zai rasa a gefen gonar da za a tone, a ɗauki 'ya'yansa aikin tonon da lada, a rubuta sunan ƙauyensa a jikin akwatin da za a sa kayan, ran da ya zo Jos ko Kaduna ya ga suna nan.