Rufa-Ido: Ƙarya Ce Ko Hikima?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta kaure a ɗakinmu na kwana a zangon karatun da ya wuce. Mun taru mu biyar muna kallon wani tsohon fim na Turawa mai suna Jason and the Argonauts, wanda aka yi a 1963. Can wajen ƙarshe sai ga ƙwarangwal bakwai sun tsago ƙasa, kowanne da makami da garkuwa, suka far wa mutum uku da sara. Muka yi tsit har aka gama. Da na gaya musu cewa mutum ɗaya ne ya motsa ƙwarangwal ɗin nan da hannunsa, kuma sai da ya yi wata huɗu da rabi a kan faɗan da bai cika minti biyar ba, sai wani abokinmu mai karatun shari'a ya ce, "To, malam, ashe wannan bawan Allah ya ƙare ransa wajen ƙera ƙarya ke nan." Muka yi dariya, amma ni dai a daren nan ban sami amsar da zan ba shi ba. Ita ce nake son in nema yanzu tare da mai karatu.

Kafin mu yanke wa mutum hukunci, ya kamata mu san shi. Sunansa Ray Harryhausen, an haife shi a birnin Los Anjalas na Amurka a 1920. A 1933 ya ga fim ɗin King Kong, watau labarin wani ƙaton goggon biri, abin ya shiga ransa, ya koma gida ya dinga haɗa 'yan tsana yana ɗaukarsu hoto. Mahaifinsa ke ƙera masa ƙasusuwan ƙarfe masu gaɓoɓi da akan sa a cikinsu, mahaifiyarsa kuma na ɗinka musu tufafi. Daga baya ya nemi Willis O'Brien, gwanin da ya motsa wancan biri, ya zama almajirinsa, har suka yi Mighty Joe Young tare a 1949. Bayan nan ya tsaya da ƙafarsa. Ya koma Landan da zama a 1960, fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Clash of the Titans a 1981, ya kuwa rasu a 2013.

Yadda aikin yake shi ne, abin da muke gani yana motsi a silima hotuna ne tsayayyu, guda 24 ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, ido ya haɗa su ya ga motsi. Saboda haka sai ya kafa 'yar tsanarsa a kan tebur, ya ɗauki hoto ɗaya, ya ɗan gusa hannunta kaɗan, ya sake ɗauka, haka har dare. Don ta haɗu da mutane kuwa, sai a fara ɗaukar 'yan wasa suna saran iska, sa'an nan ya haska hotonsu a bayan 'yar tsanar, ya rufe wani sashe na hoton, ya komo ya cike shi daga baya, har a ga kamar dodon yana tsakiyar mutane. Wannan dabara ita aka sa wa suna Dynamation. A faɗan ƙwarangwal, kowanne yana da kai da hannu biyu da ƙafa biyu, watau gaɓa 35 ke nan zai taɓa kafin ya ɗauki hoto ɗaya. Wata rana hoto 13 kaɗai yake samu, wanda bai fi rabin daƙiƙa da 'yan kai ba. Lalle in ana dafa dutse, to wannan ya dafa. Amma haƙuri ba ya wanke laifi, don mai buga jabun kuɗi ma yana da haƙuri. Tambayar abokina tana nan daram.

To, mece ce ƙarya? A ganina ba faɗin abin da bai auku ba kawai ne ƙarya. In da haka ne, da kakanninmu mata duk maƙaryata ne, tun da Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba. Amma duba yadda mai tatsuniya take yi. Takan buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", yara su amsa, ta kuma rufe da "ƙurunƙus". Waɗannan kalmomi ƙofa ce, ta shiga da ta fita. Yaro ya san ya shiga wata duniya, ya kuma san lokacin da ya fito. Ƙarya kuwa ita ce ka sa wa mutum wani abu a zuciya wanda ka san ba haka yake ba, ba da saninsa ba, ba kuma da yardarsa ba. Wanda ya sayi tikiti ya shiga gidan silima ya yarda a rufe masa ido, hasali ma abin da ya biya ke nan. Bambancin mai wasan rufa-ido a kasuwa da ɗan damfara ba a hannunsu yake ba, don sau da yawa dabararsu ɗaya ce. Na farko ya tara jama'a ya ce ku zo ku ga wasa, na biyu ya ja ka gefe ya ce zai ninka maka kuɗinka.

Bari mu gwada wannan ma'auni da wani misali mai ɗan wuya. A fim ɗin It Came from Beneath the Sea na 1955 akwai wata dabbar teku wadda a halitta hannuwa takwas gare ta. Kuɗin aikin bai isa ba, sai Harryhausen ya yi mata shida, ya riƙa ɓoye wani sashenta a ruwa yadda mai kallo ba zai iya ƙirgawa ba. Nan kam an ɓoye wa mai kallo abin da bai sani ba. Shin an cuce shi? Ni na ce a'a, domin ba darasin halittun teku ya zo ɗauka ba, tsoro ya zo saye, an kuwa auna masa mudu cike. Da a aji aka nuna wa ɗalibai ita aka ce haka dabbar take, da hannu biyun nan sun zama ƙarya. Ashe abu ɗaya yakan zama wasa a wani wuri, ya zama ha'inci a wani, gwargwadon alkawarin da ke tsakanin mai nunawa da mai gani.

Sai dai kada in yi saurin sallamar wanda ake ƙara, don na ga ƙarya a silima, amma ba inda abokina ya nuna ba. A 1958 aka yi The 7th Voyage of Sinbad, wanda aka tsiro da shi daga zane-zanen Harryhausen. Sindbad ba baƙo ba ne gare mu, mun san shi a Dare Dubu Da Ɗaya. Amma wanda ya fito a matsayinsa Ba'amurke ne, Kerwin Mathews, Bagadazar da aka nuna kuwa a ƙasar Sifen aka ɗauke ta, har da fadar Alhambra. Mai kallo zai fita ya san babu dodo mai ido ɗaya a duniya, don haka dodon bai cuce shi ba. Amma zai iya tafiya gida da hoton mutanen Gabas da garuruwansu a ka, yana zaton haka suke, don ba wanda ya gaya masa nan ma wasa ne. Ƙaryar da ke zama a zuciya ita ce wadda ta yi kama da gaskiya, ba wadda ta fito da ƙaho da wutsiya ba.

Akwai kuma ta biyu, ita ce ta ɓoye mai wahala. Ƙa'idar wannan sana'a ita ce kada a ga hannun mai ita, gwargwadon gwanintarsa gwargwadon ɓacewarsa. A Mighty Joe Young Harryhausen ne ya yi mafi yawan motsin birin, amma lambar Oska hannun maigidansa ta tafi. Duk finafinan da ya yi bayan nan ba wanda ya kawo masa ita, sai a 1992 aka ba shi ta girmamawa, shekara 11 bayan ya ajiye aiki. Shi ma ya yi sa'a, an san sunansa. A Fabrairun 2013 kamfanin Rhythm & Hues, wanda ma'aikatansa suka zana damisar fim ɗin Life of Pi da kwamfuta, ya kai kansa kotu cewa ya karye, bayan kimanin mako biyu kuma aka ba aikin nan lambar Oska. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan mai kallo ya tafa wa wanda fuskarsa ta fito, ya manta da wanda ya kwana a tsaye, to an rufe masa ido a kan abin da bai yarda a rufe masa ba.

Yau kuma al'amarin ya wuce nan. Dodannin Harryhausen suna da wata 'yar rawar jiki da ke gaya wa ido cewa aikin hannu ne, kamar dai ɗinkin da ake ganin zarensa. Tun daga Jurassic Park a 1993 kwamfuta ta soma shafe zaren. Yanzu ana iya ɗaukar fuskar mutum da muryarsa a sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba, a tura cikin wayoyin jama'a, babu tikiti, babu "ga ta nan ga ta nanku". Iyayenmu sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ya daɗe yana yi mana aiki, amma wanda ya dogara da shi kaɗai a yau yana iya yanke wa marar laifi hukunci, ko ya tayar da fitina a gari a kan hoton jabu. Ilimin ɗaya ne da na masu fim, abin da aka cire kawai shi ne ƙofar.

Saboda haka ga amsata ga abokina. Harryhausen bai ƙare ransa wajen ƙera ƙarya ba, domin bai taɓa ce wa kowa ƙwarangwal na yaƙi ba, ya ma rubuta littattafai yana bayyana dabarunsa. Inda yake da kason laifi shi ne inda labarinsa ya taɓa mutane na gaske ya sauya musu kama. Wannan kuwa ya shafe mu, mu ɗaliban adabi, don mai ƙaga labari da mai tsara wasan kwaikwayo su ma rufa-ido suke yi, da kalmomi. Kafin ɗayanmu ya kai rubutunsa gaban jama'a, ya kamata ya tambayi kansa abu uku: mai karatuna ya san ya shiga ƙofa? Me zai fita da shi yana zaton gaskiya ne? Wa ya taya ni aikin da ban ambata ba? Na kai wa abokina wannan amsa, ya ce ya karɓi biyu, amma zai ɗaukaka ƙara a kan dabba mai hannu shida. Filin wannan mujalla a buɗe yake gare shi, da duk wanda ya ga inda na kauce.