Bayan "Allah Ya Jiƙan Rai"

Cikin ƴan shekarun nan mutuwa ta yi ta ɗibar tsofaffinmu na Arewa ɗaya bayan ɗaya, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme. Duk gidan da na shiga gaisuwa, kalmomin iri ɗaya ne. A cire takalmi a bakin tabarma, a durƙusa, a ce "ya haƙuri", a amsa "da godiya", a shafa fatiha. In an yi tsawaitawa sai wani ya ce mamacin mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Daga nan zance ya koma kan tsadar hatsi da labarin hanya. Mutumin da ya kwashe shekara tamanin ko casa'in a duniya, an gama da shi cikin numfashi guda.

Addu'ar ba ni da ja a kanta, ita ce mafi alherin abin da mai rai zai aika wa wanda ya kwanta. Abin da ke ci mini rai shi ne shirun da ke biyo bayanta, da yadda muka fara ɗaukar wannan shiru tamkar addini ne ya umarce mu da shi.

A duba su wane ne waɗannan mutane da muke rufewa. An haife su Nasara na mulki, wasunsu sun ga an kama iyayensu aikin dole kafin a hana shi a 1946. Suna samari da ƴan mata aka samu ƴancin kai a 1960. Mazansu sun taka zuwa Kumasi da Akara neman kuɗin lanho da na aure, aka koro da yawansu daga Gana a 1969, aka sake koro wasu daga Najeriya a 1983. Sun binne ƴaƴa a yunwar 1973 da 1974, wadda a cikinta Seyni Kunce ya karɓi mulki. Sun sake shan wata a 1984, wadda suka laƙaba wa suna El Buhari saboda rufe iyakar da Janar Buhari ya yi a shekarar. Su ne kusan na ƙarshe masu zanen Arawa a kumatu, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne. Fiye da duka, su ne suka rayu a kan gaɓar da ƙasarmu ta juya daga al'adar iyaye ta tsafi da bori zuwa Musulunci. Da yawansu an haife su a gidan da ake yanka wa iskoki, suka mutu da carbi a hannu.

Gwaggona, yayar mahaifina wadda ta riƙe ni, tana cikinsu. Mace ce mai kaifin harshe, wadda in ta kira sunanka daga bakin madafa sai gabanka ya faɗi. A shekarar El Buhari ina ƙarama a ɗakinta. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, muka koma kan anza, wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya sake ta. Ashe duk wannan lokaci akwai tulu cike da hatsi a turbuɗe ƙarƙashin gadonta, ta liƙe bakinsa da laka. Muna kukan yunwa da dare tana kwance a kansa, ba ta buɗe ba. Sai da ruwan shuka ya sauka ta tono shi, ta auna wa mijinta, ta auna wa maƙwabta biyu da suka riga suka cinye irinsu. Da na girma na tambaye ta yadda ta iya, sai ta ce: "Ɗiyata, kukan dare guda da kukan shekara guda ba ɗaya ba ne."

Ranar makokinta ƙawarta ta ƙuruciya ta zo, tsohuwa tukuf, jikanta na riƙe da hannunta. Ta zauna a cikin mata, ta ɗan yi hawaye, sannan ta soma ba da labari: yadda suna yara suka bi uwar Gwaggo zuwa Lugu, yadda uwar take goɗiyar Doguwar gidansu a bori, da abin da ya faru bayan rasuwarta. Ba ta yi nisa ba ɗiyar ƙanena, yarinya mai natsuwa da ke karatu a Islamiyya, ta matso kusa da ita cikin ladabi ta ce: "Kaka, don Allah a bar wannan zance. Ta mutu tana salla, Musulunci ya shafe abin da ya wuce." Tsohuwar ta dube ta, ta ce: "To, ɗiyata, na yi kurum." Ta ja bakin mayafinta, har ta tafi ba ta sake cewa komai ba.

Yarinyar nan ƙaunar kakarta ce ta sa ta magana, kuma tana da hujja. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Malamai sun koya mana cewa mai wankan gawa in ya ga aibi ya rufe. Kuma gaskiya ne Musulunci na rushe abin da ya gabace shi. Tsoronta shi ne kada a tuna Gwaggo da bori, kada baƙi su fita suna cewa ashe gidansu gidan arna ne.

Sai dai labarin da aka katse, ga yadda ya ƙare. Da uwar Gwaggo ta rasu, dangi suka ce Doguwa ita ta zaɓa, dole a yi mata girka ta gaji uwarta. A lokacin ba ta daɗe da fara salla ba. Fatiha da Ƙulhuwallahu ma wurin wani almajiri ta koya, tana biyansa da tuwon dare. Ta ce ba za ta yi ba. Aka tsorata ta da hauka, aka tsorata ta da mutuwar ƴaƴa. A damanar da ta biyo baya ƙyanda ta ɗauke mata ɗa namiji. Ƴan uwanta suka zo gaisuwa da magana a bakinsu: kin gani ko? Ta binne ɗanta, ta ɗauki buta, ba ta koma ba. Shekaru suka wuce wasu daga danginta ba su taka ƙofar ɗakinta ba.

Ni da yarinyar nan a cikin salla muka buɗe ido, ba mu biya komai a kanta ba. Gwaggo ta saye ta da ɗanta da danginta. Duk wanda ya goge farkon labarin don ya rufa mata asiri, ya goge mafi girman aikin da ta yi a rayuwarta. Abin da zai rage shi ne tsohuwa mai faɗa da ke yawan jan carbi, irin wadda ake samu a kowane gida.

Hadisin da yarinyar ta dogara da shi ma, a duba inda ya fito. Muslim ya kawo shi a cikin labarin Amru ɗan Asi yana kan gadon mutuwa, yana kuka, ɗansa na gefensa yana ba shi baki. Amru ya juyo ya ba su labarin rayuwarsa hawa uku, ya fara da zamanin da babu wanda ya fi shi ƙin Manzon Allah, har yana burin kashe shi. A cikin wannan labari ne ya faɗi yadda ya miƙa hannu zai yi mubaya'a, ya nemi a gafarta masa, aka shaida masa cewa Musulunci na rushe abin da ke gabaninsa. Wato hukuncin da ake rufe bakin tsofaffinmu da shi, ta bakin wani tsoho ya iso mana, yana ba ɗansa labarin jahiliyyarsa. Muslim ya kuma ruwaito daga Jabiru ɗan Samura cewa sahabbai kan zauna bayan sallar asuba suna tuna al'amuran jahiliyya suna dariya, Annabi na murmushi. Littattafan sira ba su ɓoye halin Sayyadina Umar kafin ya musulunta ba, kuma sanin wannan hali ne ke sa mu ga girman abin da ya zama. Allah na shafe zunubi daga littafin bawa. Bai ɗora mana shafe labarin daga ƙwaƙwalwar jikoki ba.

Wannan shiru ya riga ya jawo mana asara. Abin da duniya ta sani game da tsayuwar Sarauniyar Lugu a gaban rundunar Nasara ta Bule da Shanuwan a watan Afrilun 1899, kaso mai yawa daga bakin tsofaffi ya fito kafin Abdullahi Mamani ya rubuta littafinsa a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Tarihin sarautar Sarkin Arewa a Matankari, da ta Samna a Tibiri, da matsayin Baura a Bagaji, Bafaranshe Marc-Henri Piault ya zauna gaban dattawanmu ya tattara, ya buga a 1970. Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi tana sauraren ƴan bori da malamai, ta fitar da littafinta da Turancin Ingilishi a 2001. Baƙi sun ƙetaro teku sun shimfiɗa tabarma gaban kakanninmu, mu da muka sha hura daga hannunsu muna ce musu su yi shiru. Jikan Ba'are da ke son sanin asalinsa yau sai ya nemi mai fassara.

Akwai kuma asarar da ta fi kusa da tukunya. Tsohon da ya san inda iyakar gona ta tsaya a fadama, wanda ya san wace gona aro ce wace ce gado, wa ya shayar da wa har aure ya haramta tsakanin ƴaƴansu, in ya tafi da saninsa, rigimar na jiran magada a gaban mai gari ko alƙali.

Da can zaman sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in shi ne wurin da ake warware irin wannan zance. Dangi na nesa su iso, tsofaffi su kwana suna lissafa wa ya haifi wa. Tun da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya iso garuruwanmu, gidaje da yawa sun tsaya a kwana uku, wasu kuma suna nan kan yadda suka gada. Wannan saɓani na malamai ne, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma na ga gidajen da rage taron ya sauke wa marayu nauyin bashin abinci. Abin da nake cewa kawai, in an naɗe tabarmar arba'in, labarin da ake bayarwa a kanta yana bukatar wani wurin zama.

Wurin kuwa addini ya riga ya nuna shi, kuma babu malamin da ya yi jayayya a kansa. Annabi ya kasance in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne, ya kuma kafa hujja da cewa sada zumunci da masoyan uba na cikin mafi girman biyayya. Aminin mamaci shi ne ma'ajin labarinsa. Wanda ya ɗauki goro da sukari ya je gaishe da ƙawar uwarsa ya cika sunna, kuma in ya zauna ya saurara zai tashi da abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Haka na yi bayan an watse daga makokin Gwaggo. Na tarar da tsohuwar a gindin bedi tana ɓarar gujiya, na ce: "Inna, ƙarasa mini zancen da kika soma." Na tafi da ɗiyar ƙanena. Da aka kai wurin binne yaron da ɗaukar buta, yarinyar ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta ce ba ta taɓa yi wa kakarta addu'a da zuciya irin ta ranar ba.

Ba kowane abu ne na faɗa ba, wannan ma gaskiya ce. Akwai sirrin aure, akwai kuskuren ƙuruciya da mutum ya tuba ya binne, akwai zancen asalin bauta da har gobe wasu ke gori da shi suna hana aure. Irin waɗannan rufe su ibada ce. Ma'aunin da nake riƙe da shi guda ne: in labarin zai sa mai ji ya ƙara tausayin mamaci, ya fahimci nauyin da ya ɗauka, ya ɗaga hannu ya roƙa masa gafara, to haƙƙin jikoki ne su ji shi. In zai sa a raina shi ko a tozarta zuriyarsa, a bar shi tsakaninsa da Ubangijinsa.

Hadisi ya lissafa ɗa na gari mai addu'a cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Addu'ar kuwa ba ta daɗewa a bakin wanda bai san wanda yake yi wa ba. Jikan da aka ce masa kawai kakarsa mutuniyar kirki ce zai manta ta kafin ya yi aure. Wanda ya san tulun iri da yaron da ƙyanda ta ɗauke zai ambace ta a sujada har ya tsufa, ya kuma ba ƴaƴansa labari. Tsofaffin da suka rage mana a Arewa ba su da yawa, kuma kusan kowane gida akwai salula mai ɗaukar murya. A je a gaishe su tun suna iya magana, a tambaye su game da waɗanda suka riga su, a bar su su kai ƙarshen zance. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.