Matar Ayuba Ma Ta Yi Rashi

Masu bi sukan yabi haƙurin Ayuba, su zargi matarsa saboda maganar da ta furta cikin Ayuba 2:9. Amma 'ya'yan nan da gida ya rushe a kansu, maza 7 da mata 3, nata ne ita ma. Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna da mijin kwana 7 ba su ce uffan ba, nassi kuwa bai ambaci wanda ya zauna da ita ba.

Haka yake faruwa a gidajen Kirista da yawa. Idan ɗa ya rasu, ikkilisiya takan cika gida da ta'aziyya, bayan jana'iza kowa ya watse. Maigida ya haɗiye baƙin cikinsa don kada a ga kasawarsa, uwargida ta ɗauki shirunsa rashin damuwa ne. Daga nan zargi ya shigo, aure ya soma tangaɗi.

Neman shawara a irin wannan hali ba raunin bangaskiya ba ne. Wajibi ne fasto da dattawa da Zumuntar Mata su koma gidan bayan an tashi makoki, su saurari miji da mata, kowa shi kaɗai, sa'an nan tare. Wanda barci da abinci suka gagare shi, ko yana zancen kashe kansa, a haɗa shi da likita, addu'a kuma ta ci gaba.

Dauda ya ta'azantar da Batsheba bayan mutuwar ɗansu (2 Sama'ila 12:24). Ubangiji ya ba ma'aurata alherin yin haka. Amin.