Rumbu da Bangaskiya

Ga tambayar da takan taso a ikilisiya duk lokacin kaka: idan mai bi ya cika rumbunsa da hatsi domin watanni masu zuwa, bai nuna ƙarancin bangaskiya ba? Ashe ba Ubangiji Yesu ne ya hana mu damuwa da gobe ba?

Masu wannan tambaya sukan kawo labarin manna a Fitowa sura 16. Kowa ya tara na yini ɗaya, wanda ya ɓoye saura kuwa ya wayi gari da tsutsotsi da wari. Gaskiya ne. Amma ka ci gaba da karatu: a rana ta shida sun tara na kwana biyu bisa ga umarnin Allah, bai kuwa lalace ba. Ajiyar tsoro ce ta ruɓe. Yusufu ma, a Farawa sura 41, ya tara hatsin Masar shekara bakwai, ba a zarge shi da rashin dogara ga Allah ba, domin da yunwa ta zo ya buɗe rumbunan.

Saboda haka ni ban damu da girman rumbunka ba. Ƙofarsa nake tambaya.

Ka tuna da shekarar 2005 a Nijar. Ƙarancin ruwa da fara sun ɓata daminar 2004, yunwa ta kama jihohin Maradi, Damagaram da Tawa. Abin baƙin ciki, akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Uwa tana kallon buhuna, ɗanta yana ramewa a bayanta. Karin Magana 11:26 ta yi maganar mai ɓoye hatsi da la'anar da jama'a ke yi masa. Ban ce ciniki zunubi ne ba, mai saye da sayarwa ya cancanci ribarsa. Amma wanda ya kulle rumbu yana jiran maƙwabcinsa ya galabaita domin tiya ta yi tsada, ya riga ya zaɓi ubangijin da zai bauta wa, ko da shi ne ke jan waƙa ranar Lahadi.

Ga inda abin yake da wuya. A watan Yuli ne, gero bai nuna ba, rumbunka ya kusa ƙasa, ga 'ya'ya, sai gwauruwar da ke bayan gidanka ta yi sallama da ƙwarya a hannu. Kula da iyalinka wajibi ne, Bulus ya faɗa wa Timoti haka. Gwauruwar Zarefat ta ba Iliya daga ɗan garin da ya rage mata, tukunyarta kuwa ba ta ƙare ba. Ba zan yi maka alkawari cewa taka ma haka za ta yi ba. Akwai masu bi na ƙwarai da suka ba da, suka kwana da yunwa. Abin da Yesu ya tabbatar mana a Matiyu sura 6 shi ne Ubanmu ya san bukatarmu tun ba mu roƙa ba.

Kada ka jira Yuli kafin ka yanke shawara, gama a lokacin tsoro ne zai yi maka lissafi. Yanzu da kake ɗaure dammuna, ka zauna da matarka ku yi addu'a, ku ware na gida, ku ware iri, ku ware na Ubangiji, sa'an nan ku ajiye wasu a gefe da sunan wanda zai zo da ƙwarya.